Musayar baitoci don karrama Baba, gwanin Kabanci

Sakataren ƙungiya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu wasannin ruwa a Argungu ta yanke shawarar karrama dattijonmu, wanda kowa ke kira Baba, saboda bajintarsa a wasannin Kabanci, wato gasannin ruwa na bikin kamun kifi na Argungu, da kuma hidimar da ya daɗe yana yi wa yaran bakin gulbi. Na buɗe da nawa baitocin, duk mai abin faɗi ya biyo ni a kan amsa-amon da na ɗauka.

Da sunan Allah nake buɗe baitina,
Shi ne ya hore wa Kabawa ruwa.
Tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan
Ya sauka Argungu aka daina rarrabuwa,
Gulbin Matan Fada ya ga gwanaye ba adadi,
Amma a zamaninmu Baba ne abin nunawa.
Idan ya riƙe filafili a ranar tsere,
Na bayansa kumfa kaɗai suke tararwa.

Abokin karawarsa:
Sakatare, ka faɗi tsere ka bar nutso,
Ni da na kara da shi ni ke da shaidar bayarwa.
Mun nutsa tare, na taso ina haki,
Shi yana ƙasa, makaɗa suna ta bugawa.
Har mata sun fara salati a bakin gaɓa,
Sai ga shi da kifi a hannu yana ɗagawa.
Babu homa, babu gora, lalube ne tsantsa,
Haka agwagwar daji ba ta iya kuɓuce masa da nutsewa.
Na sha kaye a hannunsa ban riƙe shi ba,
Domin da gaskiya ya ci ni, ba da zambatarwa.

Wani daga cikin yaransa:
Baffa, ku kun ga ƙarfinsa, mu haƙurinsa muka gani,
Cikin shekara goma da aka yi ba a taruwa.
A 2016 UNESCO ta sa bikinmu cikin gadon duniya,
Alhali a gida gangunan sun daina amsawa.
Babu kyauta, babu baƙi, babu mai tafi,
Amma kowace asuba Baba yana bakin ruwa.
Ya kifa ni a kan gora, tafinsa a haɓata,
Ya ce in bugi ruwa da ƙafa, in bar firgicewa.
Ranar da na sha ruwa na fito ina kuka,
Da rigarsa ya share ni, ya sa ni komawa.
Da bikin ya dawo a 2020 muka shiga layi,
Yana tsaye a gaɓa, hawaye na zubowa.

Wata uwa daga cikin mambobi:
Ni ban taɓa shiga tsere ba, amma ina da bashin godiya a wuyana, kuma yau nake so in sauke shi a gaban jama'a.

A damanar 2020 ɗin da ka ambata, ɗana,
Ambaliya ta ci shinkafar fadama ba ragowa.
Jirgi ya kife da yarona a hanyar gona,
Ina ihu, maza suna ta kai da kawowa.
Baba bai tsaya cire hula ko takalmi ba,
Ya faɗa igiyar ruwa tana ja yana kutsawa.
Ya fito da shi, ya kwantar, yana danna ƙirjinsa,
Har yaro ya yi tari, numfashi na dawowa.
Na kai masa buhun shinkafa ya mayar mini,
Ya ce in turo yaron ya koyi iyo, shi ne biyawa.

Baba, ta hannun jikansa:
'Ya'yana, na ji, kuma kun sa ni kunya,
Mahaifina ya koya mini, ni ma nake miƙawa.
Aboki, ka manta ranar da ka riga ni gaɓa,
Ni ban manta ba, har yau ina tunawa.
Kuɗin walimar da na ji kuna tarawa,
Ku sayo rigunan kariya na masu ƙetarawa.
Filafilina na bar wa yaron da ya yi kuka,
Gobe bayan asuba ya kawo ƙananan bakin ruwa.