Hana ni nishi ne ya jawo aka yi min aiki

Maman Hanifa: Salamu alaikum matan Damagaram. Abin nan na ci min rai. Ina tsakar naƙuda nishi ya taso min, sajfam, wato ungozomar asibiti, ta ce in dakata, santimita 7 kawai bakin mahaifa ya buɗe. Ƙarshe sai sezariyan. Yau uwar mijina ke cewa ragwanci ne. Ni kam na ce hana ni nishin nan ne ya jawo.

Hajiya ta Birni: Ƴata, ki yi haƙuri, amma akwai ragwanci a matan yanzu. Haihuwa 9 na yi a ɗaki, a durƙushe.

Ummu Sadik: Hajiya, wadda aka tsaga wa ciki ce raguwa? Ki janye kalmar nan.

Hajiya ta Birni: Ban ce ita raguwa ce ba, matan yanzu na ce.

Ummu Sadik: Ita matar da ce?

Sajfam Rabi: Ƙanwata, sai ya kai santimita 10 ake nishi. In kin matsa a 7, bakin mahaifa na iya kumbura ko ya yage. Bayan ya buɗe duka, ki bi nishin in ya zo miki, shawarar OMS, hukumar lafiya ta duniya, ke nan. A wani binciken da aka wallafa a 2018, an gwada mata kusan 2,400 masu haihuwar fari a Amurka, duk an yi musu allurar kashe zafi ta baya. Da bakin mahaifa ya buɗe duka, wasu sun fara nishi nan take, wasu sun jira awa ɗaya, yawan masu haihuwa da kansu bai bambanta ba.

Inna Zango: Mu ba Amurka muke ba. Ku dai kuna son wuƙa don kuɗi.

Sajfam Rabi: Wane kuɗi, Inna? Tun zamanin Tandja aka mayar da sezariyan kyauta.

Inna Zango: Kyauta a takarda. Magani fa? Jini fa?

Ummu Sadik: Masu yoyon fitsari da ake kawowa daga ƙauyuka bayan kwana uku ana naƙuda a gida, su ma ragwaye ne, Hajiya?

Hajiya ta Birni: Ba a yi miki tarbiyya ba. Na haifi kamarki.

Maman Hanifa: Don Allah, maganar nishi na kawo.

Shugabar zaure: Ya isa. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda juriyar iyayenmu ta fi tamu, kuma likita na saurin yanka. Ummu Sadik, ki ba Hajiya haƙuri. Na rufe.

Sajfam Rabi: Yaya, santimita 10 ɗin da na faɗa ba ki sa ba.