Waya ta ce kashi 30, ruwa ya wanke min fenti: ta yaya ake gane gajimaren da ke ɗauke da ruwa?

MaiFenti:
Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata fenti, don haka da damina idona kullum yana sama. Shekaranjiya da safe na duba hasashen yanayi a waya, ta nuna yiwuwar ruwa kashi 30. Na ce to, da sauƙi, muka haɗa kaya muka hau bangon waje. Gari garau, sai 'yan gajimare farare kamar an baza auduga. Wajen ƙarfe biyu na ga ɗaya ya fara yin tudu yana hawa, gindinsa ya yi duhu, amma tunda rana na nan ban damu ba. Kafin ƙarfe huɗu wata iska mai sanyi ta bugo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye ina kallon ɗanyen fenti yana gangarowa layi-layi har kan siminti. Aikin yini guda ke nan, ni da yarana biyu, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Don Allah me kashi 30 ɗin nan take nufi? Kuma wane gajimare ne in na gani zan rufe bokiti?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Wayar ba ta yi maka ƙarya ba. Kashi 30 na nufin in an samu kwana goma masu irin wannan yanayin, a uku daga ciki ruwa zai sauka inda kake. Ba ta faɗi yawan ruwan ba, ba ta faɗi tsawon lokacinsa ba. Ga mai ɗanyen fenti, uku cikin goma ba ƙaramin abu ba ne.

Amma abin da ka gani da idonka ya fi wayar bayani. Fararen nan masu kama da auduga su ake kira kumulus. Wani Bature mai harhaɗa magunguna a Landan, Luke Howard, shi ya raɗa musu sunayen Latin a 1802, kuma a yau Hukumar Yanayi ta Duniya ta kasa gajimare gida goma. Rana ce ke gasa ƙasa, iska mai ɗumi da laima ta tashi, tana hawa tana hucewa, har ta kai inda tururin zai koma ɗigon ruwa. Shi ya sa za ka ga gindinsu a shafe kamar an yanke da wuƙa, duk a tsayi ɗaya.

In faɗin kumulus ya fi tsayinsa, yi aikinka. In tsayin ya fara fin faɗin, yana kumbura yana tohowa sama tun kafin azahar, to iskar sama ba ta danne shi, zai iya zama kumulonimbus, wato hadari sosai. Alamarsa ta ƙarshe ita ce kansa ya daina yin ƙulli-ƙulli, ya baje gefe kamar uwar maƙera. A ƙasashe masu zafi kan nan yakan wuce kilomita 15 a sama, inda ruwan ya riga ya daskare. Daga ɗan tudu zuwa wannan, wani lokaci ko awa ɗaya ba a cikawa. Iskar sanyin da ta buge ka kuwa daga cikin hadarin ta sauko tare da ruwan, ta bazu a ƙasa ta riga shi isowa. In ka ji ta, mintuna suka rage maka.

Uwar Biyu:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni wanda ya fi damuna ba mai tsawar ba ne, shi ko ba komai yana zuwa da sanarwa ya wuce. Akwai wanda za ka tashi ka ga sama ta yi toka-toka gaba ɗaya, ba ka ganin inda rana take, ruwan ba ƙarfi amma ba ya ɗaukewa. Marka ke nan. Na taɓa yin shanya kwana biyu kayan yara ba su bushe ba. Ina ga fentinka ma a irin wannan ranar ba zai kama ba ko da ruwan ya tsagaita, don laimar ta cika iska.

Malamin Labarin Ƙasa:
Haka ne Hajiya, nimbositiratus ke nan, kuma shi hasashen waya ya fi iya kamawa saboda faɗinsa. Hadarin yamma kuwa yakan jiƙa unguwa ɗaya ya bar ta kusa da ita a bushe. Su kuma siraran nan na can ƙololuwa masu kama da gashin tsuntsu, sirus, ƙanƙara ce zalla, ruwansu ba ya isowa ƙasa.

Direban Dare:
Ni roƙona ɗaya, Malam MaiFenti, tunda aikinku na tsani ne. In ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce. In ba ka kai daƙiƙa 30 ba, sauko da yaranka ku shiga cikin gini, kada ku fake a gindin bishiya. Aradu tana faɗawa nesa da inda ruwa ke zuba, ko rana na haska ka.

MaiFenti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gaskiya ranar ɗaya daga cikin yarana yana kan tsanin ƙarfe har aka yi cida ta biyu, sai yanzu jikina ya yi sanyi. Gobe za mu koma bangon. Zan fara da sassafe, in duba hasashen awa-awa maimakon na yini, ƙarfe goma sha biyu kuma in ɗaga kai in ga ko sun fara tudu. In sun fara, mu koma fentin ɗakunan ciki.