Neman kalma: mece ce beetle da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Jiya ɗiyata ta kawo aikin gida a kan beetle, na ce mata ƙwaro ne. Ta ce, "Baba, ai sauro ma ƙwaro ne." Ta fi ni gaskiya. Fara ƙwaro, kyankyaso ƙwaro, kuɗin cizo ƙwaro. Idan kuma na ce buzuzu, na ɗauki ɗa guda na raɗa wa dangi duka sunansa, dangin da aka san kusan iri 400,000 a cikinsa.

Masana suna kiransu Coleoptera, daga kalmomin Girkanci biyu: koleos, wato kube, da pteron, wato fiffike. To mu da muke da dukawa, za a koya mana kube?

Kama buzuzu ka duba bayansa da kyau. Fukafukan gaba sun taurare kamar ɓawo, sun haɗu a kan layi guda miƙaƙƙe daga kafaɗa zuwa gindi, babu wanda ya hau wani. Ɗaga ɗaya a hankali da tsinke, za ka ga fiffiken tashi na gaske a ƙasa, siriri, a naɗe, kamar wuƙa a gidanta. Na kyankyaso kuwa ɗaya na hawa kan ɗaya, shi ya sa ba ya cikinsu duk da kamar da ake gani. Bakin dangin buzuzu ma na tauna ne, ba na tsotso irin na kuɗin cizo ba.

Don haka shawarata: taurararrun fukafukan nan, da ake ce wa elytra, mu kira su kuben fiffike. Dangin kuma ƙwari masu kube, tilo mai kube.

Wani abokina ya fi son murfi, wai ya fi sauƙi a bakin yara. Ban ƙi ba, amma murfi tukunya yake rufewa, bai gaya maka cewa akwai abin da ake zarowa a mayar ba. Sulke kuma ya yi nauyi: makesu, ƙwaron nan mai haske da dare, ɗan dangin ne, alhali nasa kuben laushi gare shi.

Na gwada a kan ƙwaron wake, wanda ke huda mana wake a buhu. Kubensa gajere ne, bai rufe ƙarshen cikinsa ba. Da na ce wa yarinyar "mai gajeren kube ne", nan take ta nuna min wurin da yatsa.

Mutanen Sakkwato, Katsina, Maraɗi da Damagaram, in kakanninku na da suna guda da ya tattara su, ku kawo shi, na janye nawa.