Lissafin ƙarin ruwan yara ya ƙi zama, ina mafita?

Assalamu alaikum, manyanmu likitoci. Ɗalibanmu 'yan ajin ƙarshe a nan Zariya sun kusa fara aikin horo na shekara ɗaya. Lissafi kam sun haddace: mil 100 kowane kilo a goman farko, 50 a goma na biyu. Ka ce yaro mai kilo 15, nan take su ce mil 1,250 a awa 24, wato kusan mil 52 a awa ɗaya. A bakin gado ake rikicewa. Sai su saita ɗigo 52 a minti da robar manya mai ɗigo 20 a mil, maimakon ta yara mai 60 da lissafin ya dace da ita. Ruwa ninki uku ke nan, zai iya cika huhun yaro. An sha maimaitawa a allo, bai zauna ba. Don Allah wane atisaye kuke ba naku?