Neman sunan Hausa ga pasteurization: tafasawa, razanawa ko sulala?

Assalamu alaikum. Masu harshe, ku matso kusa, yau da kalma na zo. Ita ce pasteurization, wato sa wa abin sha zafi daidai gwargwado don kashe ƙwayoyin cuta, wadda ake bugawa a jikin kwalbar madara da ta ruwan 'ya'yan itace. Ta daɗe tana hana ni sakat. Kun kawo mini sunayen Hausa da kuke ganin sun dace da ita, yau za mu tantance su.

Yawancin dabarun hana abinci lalacewa muna da sunansu a baki, ba mu ranto ba. Akwai shanya, akwai banda, akwai cuɗawa da gishiri ko sukari, akwai jiƙawa a ruwan tsami. Waɗanda suka zo daga baya ma mun yi musu masauki: sanyayawa a firji, daskararwa a firiza, abincin gwangwani. Duk manufarsu ɗaya. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci suna son danshi da ɗumi da lokaci, sai a hana su ɗaya daga ciki. Shanya ta kwashe ruwan, gishiri da sukari su zuƙe shi, tsami ya hana su walwala, sanyin firji na digiri 4 ko 5 ya rage musu hanzari, na firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili ya tsayar da su cak, ko da yake bai kashe su ba. To ita wannan guda ɗaya ce har yau take yawo babu suna.

Bari in tona wa kaina asiri. Na taɓa fassara wata 'yar takardar wayar da kai a kan tsaftar abinci. Da na iso kalmar, gaggawa ta sa na rubuta "dafaffiyar madara" na wuce. Wani dattijo, aminin mahaifina, ya karanta ya kuma gaskata. Ya sayi kwalba, ya ajiye a kan tebur kwana biyu bai sa a firji ba, tunda ai dafaffiya ce kuma ba a buɗe ba. Ranar da na je gaishe shi a gabana ya murɗa murfin. Ya yi "fuss", wari ya bugi hancinmu, ya karkata kwalbar a kofi sai ga ruwa tsararo ya fara zubowa, gudaji na biye da shi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba kai ka ce dafaffiya ba ce?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, laifin alƙalamina ne."

Kafin mu raɗa suna, mu san jaririn. Kalmar daga sunan Louis Pasteur take, masanin kimiyya ɗan Faransa da ya rayu daga 1822 zuwa 1895. A shekarun 1860 ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa giyar inabi ta lalace, kuma idan aka ɗora mata zafi matsakaici, wajen digiri 50 zuwa 60, za ta daɗe ba tare da ɗanɗanonta ya gudu ba. Madara daga baya ta shigo. A 1886 wani masanin kimiyya a Jamus, Franz von Soxhlet, ya ba da shawarar a riƙa yi wa madarar jarirai haka, a 1908 kuma birnin Chicago na Amurka ya wajabta shi a kan madarar sayarwa. Dalili shi ne ɗanyar madara kan ɗauko cututtuka irin su tarin fuka da taifot.

Yadda ake yi a yau: ko dai a riƙe madarar a digiri 63 na minti 30, ko a digiri 72 na daƙiƙa 15 kacal, sannan a sanyaya ta nan take. Ku lura, ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa. Ke nan madarar ko kusa da tafasa ba ta je ba. Masu sa cuta sun mutu, amma akwai ragowar ƙwayoyi masu taurin rai da suka tsira, suna jiran ɗumi su hayayyafa. Su ne suka yi wa Baba aika-aika.

Saboda haka sharaɗina ga duk sunan da za mu zaɓa guda ɗaya ne: wanda ya ji shi ya gane an sa wa abin zafi, amma aiki bai ƙare ba, har yanzu yana bukatar sanyi.

Yanzu ga abin da kuka kawo.

Da yawa sun ce "tafasawa". Wannan ya faɗi tun a bakin ƙofa, don ba a tafasa ba. "Dafawa" kuwa kun ji inda ta kai ni.

Wani malami ya ce mu tafi da bayani kawai: "kashe ƙwayoyin cuta da zafi". Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce, amma ta yi faɗi. Abincin gwangwani ma da zafi ake kashe nasa. Nicolas Appert, shi ma ɗan Faransa, tun 1810 ya wallafa dabararsa ta toshe abinci a kwalba a dafa cikin ruwa, gwamnatinsu ta ba shi kyautar faran 12,000, alhali bai san dalilin da ya sa abin ke aiki ba. A shekarar ce kuma Peter Durand ya yi rajistar gwangwani a Ingila. Yau gwangwanin nama ko kifi sai an kai shi wajen digiri 121 a tukunyar matsi, don a gama da ƙwayar da ke haifar da gubar botulizim, shi ya sa yake shekara a kan kanta ba firji. In muka ba su suna ɗaya, mun sake haɗa wa Baba tarko. Ga kuma tsawo. Wa zai tsaya yana cewa "miƙo min madarar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta da zafi"?

Wani matashi ya ce mu yi yadda Larabawa suka yi, da suka ce bastara, mu kuma mu ce "fasturantarwa", a kan awon zamanantarwa da Hausantarwa. Ginin kalmar ba shi da aibi, kuma ba ni da faɗa da aro, ai firji da gwangwani ba kakanninmu suka haife su ba. Sai dai firji abu ne da ake gani a taɓa, sunansa na manne da shi. Wannan kuwa aiki ne da ake yi a bayan idon mai saye, sunan ne kaɗai zai faɗa masa abin da aka yi. "Fasturantacciyar madara" ba ta faɗa wa kowa komai ba. Wanda ya ce "zafin Fasto" kuma ya ba ni dariya, don mai ji zai zaci limamin coci ake nufi. Abin mamaki, a Faransancin ma sunan nasa ma'anarsa ke nan, makiyayi ko fasto.

"Ɗumamawa" ta zo kusa, amma ita ta abin da aka riga aka dafa ya huce ne.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta wata Hajiya, da ta ce masu girki na cewa a "razana" abu, wato a ɗan nuna masa wuta a sauke. Hajiya, ranki ya daɗe, na so wannan ƙwarai. Ka ji hoton: an tsorata ƙwayoyin cuta! Amma a nan gizo ke saƙar. Wanda aka razana yana nan da ransa, mu kuwa muna so a san masu cutar sun mutu. Kuma "razananniyar madara" sai ka ce wadda ta ga kura.

Sai Hajiyar ta dawo ta ce, to "sulala" fa? A nan na gyara zama. Duk mai shiga kicin ya san sulalallen nama: ya sha zafi, ya bar sahun ɗanye, an sayi lokaci da shi, amma babu mai hankalin da zai bar shi kwana uku a fili ya ce ya tsira. Sharaɗina ke nan cif, kuma kalmar ta riga ta zauna a kunne, ba sai an koyar ba.

An kawo suka biyu. Na farko, cewa tana kama da "sulale", wato zamewa. Wannan ban ɗauke shi da nauyi ba, jimla na raba su. Na biyun shi ne mai ƙarfi: a tukunya, sulala takan kai ga tafasa, kuma da ido ake yin ta, ba ma'auni ba agogo. Gaskiya ne. Shi ya sa nake ganin a ƙara mata jela, a ce "sulalar ƙa'ida", wato wadda aka ƙayyade wa zafi da lokaci. Wani ya so "sulalar awo", amma awo ya yi mana yawa a harshe, ga na hatsi ga na masu ciki.

To ga matsayata. Sunan aikin: sulalar ƙa'ida. Abin da aka yi wa: sulalalle, sulalalliya, sulalallu. Mu gwada a jimla. "Ana yi wa madara sulalar ƙa'ida a digiri 72 na daƙiƙa 15." "Sulalalliyar madara ce, a ajiye a firji." Na karanta wa Baba ta biyun, ya ce, "Da haka ka rubuta tun farko, da ban yi asarar kwalbata ba."

Saura guda da ban warware ba. Akwai madarar kwali da ake kai wa digiri 135 ko fiye na 'yan daƙiƙu, a ɗura a kwalin da babu ƙwaya ko ɗaya, ta yi watanni ba firji muddin ba a buɗe ba. Wannan ta wuce sulala, kuma in aka kira ta sulalalliya an ɓata wancan sunan. Na rubuta "madarar dogon zango" a gefen takarda, da fensir. Hajiya, Malam, ina sauraronku.