Waɗanda suka koyi Linux daga tushe, da me kuka fara?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Kwamfutata tsohuwa ce, ta ƙi ɗaukar Windows 11 saboda ba ta da TPM 2.0 (wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta), ga Windows 10 kuma Microsoft sun janye tallafinta tun Oktoban 2025. An ce in koma Linux, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta a madadin Windows, amma duk bidiyon da na buɗe a YouTube sai mutum ya hau zuba umarni a terminal (allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni) ba bayanin komai. Don Allah ku taimaka min.

Mai Gyaran Waya:
Wslm ɗan uwa. Ni Linux Mint (wani nau'in Linux) na ɗora a filas da manhajar Rufus, na dinga kunna ta daga filas ɗin ba tare da na goge komai ba, fuskarta kusan irin ta Windows ce shi ya sa ban ruɗe ba, sai da hannuna ya saba sannan karatun ya fara shiga kai.

'Yar Zariya:
Gaskiya ni bidiyo bai min ba, ga cin data ga sauri. Littafin The Linux Command Line na William Shotts na sauke, marubucin da kansa ya sa PDF ɗin kyauta, kuma daga umarnin cd da ls da pwd yake farawa a hankali, ina karanta shafi ina bugawa da hannuna, in abu ya shige min duhu in rubuta umarnin man da sunan umarnin don ya nuna min bayaninsa. Sannan ka dinga duba shekarar darasi kafin ka bi shi, Ubuntu LTS (wani nau'in Linux mai dogon tallafi) duk shekara biyu take fitowa a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, darasin 2016 zai nuna maka abubuwan da ba za ka gani a naka allon ba.

Kawun Yara:
Lokacin ba ni da kwamfuta ma, Termux, manhajar terminal ta waya, na sa a wayata Android na koyi umarnin farko. Abin da ke damuna wallahi yaranmu da ke farawa da Kali Linux don sun ji ana kutse da ita, masu Kali ɗin da kansu sun ce ba ta sabon shiga ba ce. Kuma kar ka kwafi umarni mai sudo (mai ba da cikakken iko a kan kwamfuta) in ba ka san aikinsa ba, musamman rm, abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka da alheri. RAM ɗina 4GB ne, a cikin fuskokin Mint, Xfce zan sauke ko Cinnamon?

Mai Gyaran Waya:
Xfce, ta fi sauƙin nauyi. Amma ka fara kwashe fayilolinka zuwa wani filas daban tukuna.