Jijiyar haƙorin ɗana ta mutu, saiwar ba ta gama girma ba: wane aiki ya fi?

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 9 ya faɗi a keke, haƙorinsa na gaba na sama ya gutsure, kuma wanda ya fito bayan famfara ne. Daga baya ya yi duhu, wani ƙurji ya fito a dasashi yana fitar da mugunya.

Hoton da aka ɗauka ya nuna bakin saiwar a buɗe yake, shi ya sa likita ya ce ba za a yi cikon jijiya irin na manya ba. Sai ya riƙa zuba wani magani mai suna kalsiyam haidiroksaid a ciki, ana sabuntawa, wai har ƙasan ya toshe. Watanni sun shuɗe, shiru kake ji. Cikon wucin gadin ma ya fita, kumburi ya dawo.

Wani likitan ya ce maganin in ya daɗe yana raunana saiwa, ta iya tsagewa. Ya ba mu zaɓi: a toshe ƙasan da MTA (wani siminti na musamman na aikin haƙori), ko a tsokano jini ya cika ramin da fatan saiwar za ta ƙara kauri. Cirewa dai ba na so.

Likitocin haƙori, don Allah, ga haƙorin da ya riga ya yi mugunya haka, wanne ya fi dacewa?